Gashin Amurka a Arba wa Nus

A unguwar Arba wa Nus ta birnin Alƙahira, inda benaye ke jingine da juna kamar gajiyayyun fasinjoji, an yi wasu samari biyu 'yan Najeriya da ke hayar ɗaki ɗaya a hawan ƙarshe. Ɗaya Ukasha, mai ƙarancin magana. Ɗayan Badamasi, wanda ya ɗauke wa Ukasha nauyin maganar duka, har ya haɗa da ta maƙwabta.

Shi Badamasi babu abin da bai iya ba a duniya, in dai da baki ne. Ya taɓa gyara musu fanka, tun daga ranar ta bar juyi ta koma gurnani. Ya taɓa yi wa wani ɗalibi aski, bawan Allah ya daɗe yana barci da hula. Amma abin da ya fi kumbura masa kai shi ne ranar da aka ɗauke shi jera kujeru a gidan wani Ba'amurke a unguwar Ma'adi, mutumin jihohin kudu na ƙasarsu. Can ya ga ana gasa nama a cikin wata tukunyar ƙarfe a rufe, hayaƙi na fita siriri, wuni guda. Aka ce ya riƙe murfi, ya riƙe. Daga riƙon murfin nan Badamasi ya dawo gida da sarauta: Sarkin Gashin Amurka.

Ana nan sai waya ta zo wa Ukasha daga Gumel. Inna, mahaifiyarsa, ta rasu. Kafin maganar ta gama sauka daga kunnensa zuwa ƙirji, an riga an kai ta makwancinta. Bai ɗauki makara ba, bai zuba ƙasa ba, bai ga tabarmar da aka naɗe a ɗakinta ba. Abu ɗaya ya rage masa a hannu: ya ciyar da mutane da sunanta, su ci su ƙoshi, su ɗaga hannu su ce amin. Inna kuwa mace ce da baƙo ba ya fita gidanta da yunwa, ko da ita za ta kwana da ita. Ukasha ya tattara ɗan abin da yake da shi, ya je unguwar Darrasa ya gayyaci Malam Ya'ƙub, dattijon ɗaliban Najeriya, shi da almajiran karatunsa, ranar Juma'a bayan la'asar. A unguwa kuwa bai faɗa wa kowa ba sai Khala Mahasin, maƙwabciyarsu ta hawan ƙasa, Bahaushiyar Sudan 'yar Mai Wurno, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya budurwa, Sulafa.

Khala Mahasin ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Ma'alish, sai haƙuri, ɗana. Allah ya ji ƙanta. Kawo naman in yi muku shinkafa da miya, ni da Sulafa, kafin azahar mun gama."

Ukasha ya buɗe baki zai yi godiya, sai Badamasi ya shiga tsakani kamar an jefo shi.

"Shinkafa da miya? Haba, Khala! Inna guda? Ai shinkafa da miya ko kaza ta mutu ana yi. Ku bar mini. Zan yi abin da ba a taɓa gani ba daga nan har bakin Nilu."

Khala ta dube shi sama da ƙasa. "Kai da ka ƙona ruwan shayi?"

"Wannan laifin butar ne."

Ukasha ba shi da ƙarfin gardama a kwanakin nan. Ko'ina ya juya sai ya ji kamar yana tafiya cikin ruwa. Ya ce, "Badamasi, ni dai mutane su ci. Shi ke nan buƙatata."

"Su ci? Mutumina, sai an janye su daga kan faranti da ƙarfi."

Aka tafi wajen mahauci. Ukasha na nufin rago, Badamasi ya ce rago naman yara ne, Amurkawa ƙirjin sa suke gasawa sukutum. Mahauci ya ce babu naman sa, sai na jamusa, wato ɓaunar Masar da ake noma da ita. Badamasi ya ce ai duk ƙaho ne. Mahauci ya ɗauki wuƙa zai yanka gunduwa-gunduwa, Badamasi ya riƙe masa hannu. Mutumin ya ce wannan tsohuwar dabba ce, in ba a dafa ta ba ko kura sai ta nemi taimako. Badamasi ya juya ya ce da Ukasha cikin Hausa, "Ka ji jahilci. Bai taɓa zuwa Ma'adi ba." Suka ɗauko ƙirjin su biyu kamar masu ɗauke da katifa.

Ranar Juma'a tun da hantsi Badamasi ya hau saman bene ya kafa masarauta. Ya samo wata tsohuwar ganga, ya huda ta da ƙusa, ya cusa ragar firij a ciki, ya kife ta da faifan dish da aka yar. Ya ɗaura zanen gado a ƙugu. Sannan ya hau shafe naman da gishiri da barkono da garin kofi da sukari, sukarin ma ba ɗan kaɗan ba.

Ukasha ya ce, "Sukari a nama?"

"Kai dai ka iya karatu. Bar wa masu fanni fanninsu."

Ya ce naman nan kamar hakimi yake, ba ya fita sai da 'yan rakiya. Na farko wake da baƙar zumar rake. Waken da ya samu ful ne na Masar, mai fatar nan kamar ƙirgi, bai kuwa jiƙa shi ba, don haka zumar ta ƙone waken na kallon ta. Na biyu makaroni da cuku. Mai kanti ya tambaye shi sabo ko tsoho, Badamasi ya ce a ba shi wanda ya fi kowanne daɗewa, domin girma na manya ne. Da ya buɗe kwalbar sai kyanwar da ke kwance kan katanga ta tashi ta canza bene. Na uku burodin masara, wanda ya toya a tukunya, ƙasa ya zama gawayi sama na nan kunu. Na huɗu kabeji da mayonis, shi ma da sukari, ya ajiye shi a rana wai ya huta.

Khala Mahasin ta leƙo kafin ta fita kasuwa da Sulafa. Ta shaƙi iskar wurin, ta toshe hanci.

"Ya Badamasi, sadaka aka ce ka yi ko sammu?"

"Khala, ki dawo da yunwarki kawai."

"Da ita zan dawo, da ita kuma zan kwana." Ta sauka tana girgiza kai.

Suka je masallaci suka dawo. Badamasi ya duba ganga, fuskarsa ta canza. Gawayi na ci jawur, amma hayaƙi ko na sigari babu. Ya ce duk sirrin gashin nan a hayaƙi yake, hayaƙin ma na itace mai ƙamshi, ba wannan gawayin Masar marar tarbiyya ba. Ya jefa kwalin ƙwai, ya cinye nan take. Ya jefa ƙafar kujera, ta yi warin fenti. Ya shiga zagaye saman benen yana bincike kamar ɓera, har ya kai lungun da Khala ke ajiye tarkacenta. Can ƙarƙashin tsohuwar darduma ya jawo wani buhu ɗaure da igiya. Ya kwance, ya cusa kai, ya ɗago yana murmushi har kunne.

"Allahu Akbar! Ukasha, zo ka ji. Ko na Ba'amurken bai kai wannan ba."

Itace ne ja, an faskara shi ƙanana, yana ƙamshin sandal da wani abu mai sanyi.

Ukasha ya ce, "Na Khala ne. Ka jira ta dawo."

"Itace ne fa, ba zinariya ba. In ta ci naman da kanta za ta ƙaro wani buhun."

Ya juye rabi a wuta. Da ya ga abin ya yi kyau, sai ya juye sauran.

Hayaƙi ya tashi, fari mai kauri, ya ƙi tafiya sama. Ya kwanta kan igiyoyin shanya, ya gangara ta matakala, ya bi tagogi ɗaya bayan ɗaya kamar mai rabon goron gayyata. Ukasha ya tsaya cik. Ƙamshin ya kai shi ɗakin Inna da yammacin Alhamis, kasko a bakin ƙofa, tana kaɗa hayaƙi da gefen zane tana ce masa ya matsa kada ya ƙone. Ya juya baya ya dubi benayen da ke gasuwa cikin rana, ya bar idonsa ya yi abin da zai yi.

Badamasi kuwa bini-bini ya tura kai ƙarƙashin faifan dish ya duba, ya fito yana tari, fuska da wuya sun yi ɗorawa, zanen gadon ya sha turare har ya ƙoshi.

Abin da bai sani ba, kuma duk wata Basudaniya a layin ta sani tun tana goye, shi ne wannan itacen ɗalihi ne na dukhan, hayaƙin da ake zaunar da amarya a kai kafin a kai ta ɗakin miji. Budurwa ba ta kusantarsa, gwauruwa irin Khala ta bar shi. Kuma kowa ya san Khala na da buhu guda da ta yi wa Sulafa tanadi. To in hayaƙinsa ya tashi daga benen Mahasin, ai magana ta ƙare.

Guɗa ta fara daga ƙasan layi. Ta biyu ta amsa daga wata taga. Kafin Ukasha ya share fuska, matakala ta cika da ƙarar takalma da awarwaro. Mata suka ɓullo saman bene cikin manyan lafaya masu launi, wata da kwanon lalle, wata da ƙaramar ganga. A gabansu Hajja Fauziyya, tsohuwar da ba a ɗaura aure ko a raɗa suna a layin ba tare da ta zauna a gaba ba, tana haki tana faɗa.

"Ina Mahasin? Ina take, maciya amana? Tare muka sha wahalar hanya daga Sudan, yau za ta aurar da 'ya sai dai mu ji a hanci?"

Ukasha ya ce, "Hajja, ba haka..." Guɗa ta haɗiye sauran.

Badamasi ya daki kafaɗarsa. "Me na ce maka? Tun ba a buɗe ba labari ya kai gari!" Ya gyara zanen gado ya fuskanci mata. "Marhaban, iyayena! Ku zauna, kowa zai samu. Abu ɗaya na roƙe ku, kada wadda ta taɓa murfin nan."

Hajja Fauziyya ta matso ta shinshine shi. Ta ja baya ta riƙe haɓa.

"Kai ne mai hidimar?"

"Ni ne, Hajja. Ni na tsara, ni na kashe ƙarfina, ni na kunna wutar da hannuna."

"Sajami, na shiga uku! Ashe ɗan Najeriya ta ba! To kai ango, wa ya ce maka namiji na shiga hayaƙin? A garinku haka ake yi?"

"A Amurka namiji ne ke tsayawa a kai, Hajja, tun safe har yamma."

Mata suka kwashe da shewa. Wata ta kama hannunsa ta dangwala masa lalle a tafi. Mai ganga ta fara kiɗa.

Ana cikin haka wani saurayi ya faɗo wurin kamar an harbo shi, makullin tuktuk, wato a-daidaita-sahu, a hannu, ido jawur. Tarig ke nan, wanda ya daɗe yana kai Sulafa kasuwa kyauta yana jiran ranar da zai iya buɗe baki.

"Wane ne? Ku nuna mini shi!"

Hannaye goma suka nuna Badamasi. Tarig ya ci kwalarsa.

"Kai? Kai da nake ɗauka kyauta in ka makara? Ashe ta bayana kake bi?"

"Sake ni, ɗan'uwa! In rabonka kake so, zan yanka maka ta wajen kitse!"

Tarig ya ɗaga hannu, sai muryar Khala Mahasin ta tsaga wurin. Ta hauro da kwandon kasuwa a ka, Sulafa na bayanta ta rufe fuska don kunya, domin tun daga bakin layi ake tare su ana yi musu barka. Khala ba ta dubi kowa ba. Idonta ya sauka kan buhu, yana kwance a ƙasa ba komai ciki, kamar rigar da aka tuɓe.

Ta ajiye kwando a hankali. Ta zaro damin rake da ta sayo.

"Badamasi. Ina itacena?"

"Khala, in kin ɗanɗana..."

Raken farko ya same shi a gadon baya. Ya zagaya ganga, ta bi shi. Ya tsallake kwanon kabeji, ƙafarsa ta faɗa cikin makaroni. Hajja Fauziyya na ihu, "Mahasin, surukinki ne fa!" Khala na cewa, "Surukin wa? Allah ya tsari gatari da noma!" Tarig ya saki baki, ya rasa ko ya yi murna ko ya taya duka.

A daidai nan Malam Ya'ƙub ya iso da ɗalibansa, cikin fararen riguna, kowa da carbi, fuska a nutse irin ta masu zuwa ta'aziyya. Malam ya tsaya a bakin matakala. Ya dubi mai ganga, ya dubi kwanon lalle, ya dubi Badamasi da ƙafa ɗaya cikin cuku.

"Assalamu alaikum. Ko mun ɓata bene ne?"

Badamasi ya ga mafita. "Allah gafarta Malam, kun zo a kan gaɓa! Yalla, a ba da wuri!" Ya fizge faifan dish.

Hayaƙi ya turnuƙe, ya washe. Ga ƙirjin jamusa kwance, waje baƙi da ɗorawa-ɗorawa, yana ƙamshi kamar an buɗe akwatin lefe. Badamasi ya ɗora shi kan babban faranti, ya jera masa abin da ya tsira na 'yan rakiya. Ya sa wuƙa, wuƙa ta lanƙwashe. Ya hau da gwiwa ya danna, da ƙyar ya ɓanɓaro wani yanki, ciki jawur kamar yanzu aka yanka. Ya miƙa wa Malam da hannu biyu.

Malam Ya'ƙub mutum ne mai kara. Ya yi bismilla ya sa a baki. Ya tauna. Ya ci gaba da tauna. Ɗalibai da mata suka zuba masa ido. Hawaye ya taru masa. Daga ƙarshe ya juya gefe ya mayar da abin cikin hankici, ya ninke da ladabi.

"Badamasi, na daɗe ina cin nama a duniya. Yau ne na fara gamuwa da wanda ba ci ya kamace shi ba, rakiya ɗakin miji ta kamace shi."

Dariya ta fashe har benen na rawa. Ɗalibai na riƙe ciki, Sulafa ma ta saki mayafi tana yi.

Ukasha kaɗai bai yi ba. Ya dubi farantin. Duk abin da ya iya yi wa Inna daga wannan nisan ke nan, ga shi kwance ko kyanwa ba ta so. Ga baƙi sun zo da yunwa za su koma da ita, da sunanta. Ya ji maganar ta fito da kanta, ba da ƙarfi ba.

"Sadakar Innata ce."

Na kusa da shi suka ji, suka daina dariya, sauran ma suka bi su. Mai ganga ta sauke gangarta.

Hajja Fauziyya ta matso. "Me ka ce, ɗana?"

"Mahaifiyata ce ta rasu a gida. Ban samu zuwa ba. Na so mutane su ci, su yi mata addu'a."

Tsohuwar ta dube shi, sannan ta daka masa tsawar da ta fi ta ɗazu.

"Uwarka ta rasu, kana wuce mu safe da yamma kana mana sallama, ba ka faɗa ba? Mu duwatsu ne a layin nan? A wurinmu gidan makoki ba ya ɗora tukunya! Wa ya ce ka dafa? Wa ya ce ka ba wannan?" Ta nuna Badamasi da haɓa, ta juya ga mata. "Me kuke kallo? Yalla! Kowace ta je ta hauro da abin da ke kan wutarta!"

Matakala ta sake cika da ƙarar takalma, wannan karon ba guɗa. Ba a jima ba manyan tire suka fara haurowa a kan kawuna. Kisra, gurasar Sudan mai laushi, da miyar busasshiyar kuɓewa, tuwon asida, wake da mai, soyayyen kifin wani gida da maigidan ke zaune yana jira, har da tukunyar da aka sauke ba ta gama nuna ba. Tarig ya yi ta jigilar tabarmi da butocin shayi, yana satar kallon Sulafa da fuskar wanda aka ce an fasa rataye shi. Maza suka zauna gefe, mata gefe. Mazan da aka ɗauke wa abincin rana suka biyo sawun tirensu, su ma aka ba su wuri. Aka ci, aka ƙara, aka sha shayi.

Malam Ya'ƙub ya tambayi sunanta. Ukasha ya faɗa, sunan da bai taɓa kira da bakinsa ba tun yana yaro. Malam ya ɗaga hannu. Rana ta yi ƙasa, ta zuba ja a kan benaye, tattabarun maƙwabta na kewaya sama. Da aka ce Allah ya haskaka kabarinta, amin ɗin da ta tashi ba ta saman benen kaɗai ba ce, har daga tagogin da ke kewaye, Hausa da Larabci a haɗe, daga bakunan da ba su taɓa jin sunan Gumel ba. Ukasha ya kifa fuska cikin tafukansa ya daɗe bai ɗago ba.

Da ya ɗago, Badamasi na tsugune kusa da shi yana raɗa.

"Ka ga taro? Faɗi gaskiya, mutumina, shinkafa da miya za ta tara wannan jama'a?"

Ya miƙa hannu zai ɗauki kisra, Khala Mahasin ta buge hannun da guntun rake.

"Wannan na masu makoki ne. Allah gafarta Malam, ya halatta a zubar da abinci?"

Malam ya gyara zama. "Almubazzaranci haramun ne, Hajiya."

"Tamam, shi ke nan." Ta jawo farantin jamusa da wakensa da burodinsa, ta dire gaban Badamasi. "Kafin ka sayo mini buhuna, wannan ne abincinka, safe da rana."

Hajja Fauziyya ta cire ƙaramin mayafinta ta lulluɓa masa a ka. "A rufe ta. Amarya ba ta ci a gaban maza."

Wurin ya sake fashewa, har da Ukasha, hawaye na zuba yana dariya. Daga ƙarƙashin mayafin aka ji ƙarar haƙori na fama da jijiya, aka ji tari, sannan murya ta fito a shaƙe.

"Ku dai ba ku da haƙuri. A Amurka ma sai ya kwana yake yin daɗi."